Ta yaya sunana zai riƙa shiga cikin hotunana da kansa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, yayyena da iyayena a wannan sana'a. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, nake neman shawararku.

Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto, yawanci tsuntsaye da tsirrai. Watan jiya na ga wani hotona a wata mujalla ta intanet: tsuntsuwa tana zura wa ɗanta abinci a baki, hoton da na yi kusan awa uku a tsugune kafin na same shi. Babu sunana ko'ina. Na rubuta musu, editan ya amsa cikin mutunci, ya ce wani ne ya turo musu, kuma sun buɗe fayil ɗin sun duba ko akwai sunan mai shi, ba su ga komai ba. Sun gyara, sun sa sunana. Amma kalmar nan tasa ta ƙi barina: sun duba, ba su ga komai ba.

Na buɗe nawa kwafin a kwamfuta. Sunan kyamara yana nan, ranar ɗauka tana nan, har irin lens ɗin da na yi amfani da shi. Gurbin mai hoto kuwa fayau, na haƙƙin mallaka ma fayau. Daren nan na zauna ina rubuta sunana ɗaya bayan ɗaya, ina kai hoto na arba'in na tsaya, don hotunan sun haura dubu tara. Kyamarata Canon ce, ina gyara da manhajar Lightroom Classic a kan Windows. Akwai hanyar da sunan zai riƙa shiga da kansa? Tsofaffin kuma yaya zan yi da su?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, sannu da haƙuri. Ki fara daga tushe, wato kyamarar kanta. Ki shiga menu, ki je shafin saiti mai alamar sifana, ki nemi inda aka rubuta Copyright information. Za ki ga gurbi biyu, ɗaya na sunan mai ɗauka, ɗaya na bayanin haƙƙin mallaka. Ki cike su sau ɗaya. Daga ranar, duk hoton da kika danna, RAW ne (ɗanyen fayil ɗin kyamara) ko JPEG, da sunanki zai sauka a kan kati, tun kafin ya ga kwamfuta.

Masu Nikon da ke karantawa, ku kula: rubuta sunan kaɗai bai isa ba, sai kun kunna Attach copyright information. Haka Sony, akwai maɓallin da ke ba da izinin rubutawa. Na ga waɗanda suka cike gurbin suka bar wannan a kashe, suka yi wata da watanni suna zaton komai na tafiya daidai. Saboda haka bayan kin saita, ki ɗauki hoton bango ko na hannunki, ki buɗe shi a kwamfuta, ki gani da idonki.

Shawara ɗaya da na koya da wuya: kada ki sa shekara a cikin kyamara. Janairu zai shigo ki manta, ki yi ta buga shekarar bara a kan hotunan bana. Sunanki ya wadatar a nan, ranar ɗauka tana cikin fayil ɗin dama.

Mai ɗaukar hoton wasanni:
Ƙari a kan na Baba: in za ki ara wa wani kyamarar, ko za ki sayar da ita, ki goge sunan tukuna. In ba haka ba hoton wani zai fita da sunanki, mai kyau ne ko marar kyau.

Mai gyaran hoto:
Ƙanwata, abin da kyamara ke rubutawa yana shiga ɓangaren da ake kira EXIF, kuma gurbinsa ƙunci gare shi, sunan mai ɗauka da layi ɗaya na haƙƙin mallaka ne kawai. Wanda editoci suka fi dubawa shi ne IPTC, tsarin da kafofin labarai suka fitar don hoto ya riƙa yawo da sunan mai shi, kuma yau galibi ana ajiye shi cikin XMP, wani tsarin adana bayanan fayil da kamfanin Adobe ya ɓullo da shi a 2001. Nan ne kike da fili: sunanki, sanarwar haƙƙin mallaka, yadda kike so a rubuta sunanki a ƙasan hoto, sharuɗɗan amfani, da adireshin shafinki inda za a same ki.

A Lightroom Classic, lokacin shigo da hotuna, ki duba gefen dama inda aka rubuta Apply During Import. A ƙarƙashin Metadata ki ƙirƙiri sabon saiti, ki cike waɗannan gurabe, ki ba shi suna ki ajiye. Matuƙar shi ne a zaɓe, duk katin da kika juye zai ɗauki bayanan. In kina son shekara, a nan za ki sa, ki riƙa sabunta saitin kowane farkon shekara.

Tsofaffin kuwa ba sai kin bi su ɗaya-ɗaya ba. Ki zaɓe su gaba ɗaya a Library, ki ɗora musu saitin nan lokaci guda. Sai dai ga inda mutane ke tuntuɓe: Lightroom yana ajiye abin da kika rubuta a kundinsa ne, bai taɓa ainihin fayil ɗin ba sai kin danna Ctrl da S. Ga JPEG da DNG (nau'in RAW na Adobe) zai rubuta a cikin fayil ɗin. Ga RAW na Canon kuwa zai ajiye wani ɗan ƙaramin fayil mai ƙarshen xmp a gefensa, kuma in kika kwashe hoton kika bar ɗan fayil ɗin a baya, bayanan sun zauna can.

Sannan ki duba wurin fitar da hoto. Akwai zaɓin abin da zai bi hoton waje. Ni Copyright & Contact Info Only nake zaɓa, don sunana ya fita amma wurin da na tsaya na ɗauki hoton ya zauna gida. Ke da kike bin sheƙar tsuntsaye, wannan ya shafe ki sosai, don ba kowa ya kamata ya san inda sheƙa take ba.

Wani ɗan'uwa:
Ni fa gaskiya ban ga amfanin wannan wahalar ba. Yawancin shafukan sada zumunta suna share bayanan nan da zarar ka ɗora hoto. Wanda kuma ya yi niyyar sata, sikirinshot ɗaya ya gama da kai. Ki manna tambarinki a fuskar hoto, shi ke nan.

Mai tambaya:
Yaya, maganarka ta sa jikina ya yi sanyi. Ke nan duk wannan aikin banza ne?

Edita:
Ba banza ba ne, ƙanwata, ko kusa. Ɗan'uwanmu ya faɗi gaskiya rabi. E, ana share bayanan a wurare da yawa, kuma sikirinshot ba ya ɗauke da komai. Ko a WhatsApp, in kin tura a matsayin hoto ana matse shi a cire bayanan, in kuwa kin tura a matsayin takarda, fayil ɗin zai isa yadda yake. Amma ki koma kan labarinki. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ya buɗe fayil ya neme ki bai same ki ba. Ni aikina ke nan kullum: hoto ya zo ta hannu uku ko huɗu, abu na farko da nake yi shi ne in buɗe bayanansa. In na ga suna da hanyar tuntuɓa, cikin minti biyar na aika saƙo. In ban gani ba, ko dai in ajiye hoton, ko ya fita da sunan wanda ya turo. Irinmu kike rubuta wa, kuma muna da yawa. Ko Google, tun 2018 yake nuna sunan mai hoto da bayanin haƙƙinsa a sakamakon binciken hotuna, in ya same su a cikin fayil ɗin da ke kan shafi.

Wani abu kuma da nake so ya zauna miki: ba rubutun nan ne ke ba ki haƙƙi ba. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla a 1886, haƙƙin mallaka yana tabbata ne ba tare da wata rajista ko sanarwa ba. Hotunanki dubu tara naki ne tun ran da kika ɗauke su, da suna a ciki ko babu. Abin da sunan ke yi shi ne ya zama shaida, ya kuma toshe bakin mai cewa bai sani ba. Yarjejeniyar 1996 ta WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, ita ma ta nemi ƙasashe su tanadi hukunci ga mai goge irin waɗannan bayanai da gangan don ɓoye sata, kuma Amurka ta sa hakan a dokarta ta 1998. Tambari a fuskar hoto yana da nasa wurin, ki sa a kan waɗanda kike ɗorawa a shafukan sada zumunta. Amma wanda zai saya ba ya son tambari a kan fiffiken tsuntsu, kuma a ranar da kika miƙa masa hoto tsaf, abin da ke ciki ne kaɗai zai bi shi.

Mai harkar kwamfuta:
Ga wanda ba shi da Lightroom, darktable da digiKam kyauta ne, kuma dukkansu suna rubuta waɗannan bayanai. Amma ga tarin tsofaffin hotuna, ban ga kamar ExifTool ba, manhajar Phil Harvey, ita ma kyauta. Layi ɗaya za ki rubuta a tagar umarni ta Windows (Command Prompt), ki sa sunan foldarki a madadin kalmar folda:

exiftool -r -Artist="Sunanki" -Copyright="Sunanki" folda

Zai bi foldar da duk ƙananan da ke cikinta. Kuma yana iya ɗauko shekarar kowane hoto daga ranar ɗaukarsa, wanda saitin Lightroom ba ya yi:

exiftool -r -d %Y "-Copyright<Copyright $DateTimeOriginal Sunanki" folda

Ba ya taɓa zanen hoton, bayanan kaɗai yake gyarawa, kuma yana barin kwafin asali mai ƙarshen _original, don haka ki tabbata kina da fili a kwamfuta. Ki fara gwadawa a kan kwafin hotuna goma kafin ki sake shi cikin dubu tara.

Sai wani abu da ya taɓa cizona. In sunanki na da ƙ ko ɗ ko ɓ, kada ki yi mamaki in ya fito a birkice a gurbin EXIF. An gina gurbin ne don baƙaƙen Turanci zalla, sai a sigar 2023 aka buɗe ƙofa ga sauran haruffa, kuma tsofaffin manhajoji ba su san da wannan ba. Ko alamar © takan rikiɗe ta koma wasu baƙaƙe marasa ma'ana. XMP ba shi da wannan matsalar. Ni abin da nake yi: a kyamara in rubuta sunana ba lanƙwasa, in sa kalmar Copyright maimakon alamar, sannan a XMP in rubuta shi daidai yadda iyayena suka raɗa mini.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, Baba da yayyena duka. Na saita kyamara, na ɗauki hoton labulen ɗakina na buɗe, ga sunana a gurbinsa. Na yi saitin shigo da hotuna, na kuma ɗora shi a kan tsofaffin. Sunana yana da ɗ, kuma yadda Yaya ya faɗa haka ya faru a gwajin farko, sai na bi shawararsa. Tambaya ɗaya ta rage: akwai hotuna kusan ɗari biyu a cikin tarin da ƙawata ta ɗauka da kyamarata ranar da muka fita tare, kuma yanzu duk sun ɗauki sunana.

Mai gyaran hoto:
Ki tace su da ranar fitar taku, ki zaɓi nata, ki yi wani saitin da sunanta ki ɗora musu, sannan ki danna Ctrl da S. Kafin ki rubuta, ki tambaye ta yadda take so sunan ya fito.