Numfashin maigidana na ɗaukewa cikin barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maigidana mai jiki ne, ga hawan jini. Shekara da shekaru muna yi wa minsharinsa dariya, har na lura numfashinsa kan tsaya cak, sai ya zabura yana haki. Da rana kuwa gyangyaɗi har a kan sitiyari, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Likita ya ce maƙogwaronsa ke toshewa in barci ya ɗauke shi, ya rubuta na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Da ƙyar muka saya. To, da an ɗauke wuta sai ta mutu, takunkumin kuma tuge shi yake tsakar dare. Don Allah masu amfani da ita, wane batir ke kai ta asuba? Yaya kuka saba da takunkumin?