Kwikwiyar da nake son ɗauka an ce da ciwon zuciya aka haife ta, ku ba ni shawara

Maman Biyu:

Salam jama'a, dan Allah masu kiwon karnuka ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Sati biyu kenan ina zirga-zirga gidan da ake tara karnukan da aka tsinta ko waɗanda masu su suka gaji da su, niyyata in ɗauki guda ɗaya mu riƙe. Akwai wata 'yar kwikwiya wata huɗu, ja-ja haka, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, tun ranar farko da na tsugunna bakin kejinta ta zo ta ɗora haɓarta a hannuna ta yi shiru, sauran sai haushi suke ita ko uffan. Nan take na ce wannan ce tawa. Sai da na zo cike takarda matar da ke kula da su ta ce in zauna tukuna, wai likitansu ya ji wata ƙara a zuciyarta ranar da ya zo yi musu allurar rigakafi, yana zargin wani abu da suke kira PDA, kuma da shi aka haife ta. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjin kwikwiyar gefen hagu, can wajen hammata, wallahi ji na yi abu yana zirrr ƙarƙashin yatsuna kamar mage tana gurnani.

Abin da ya ɗaure min kai ita a ido lafiyarta lau, tana ci tana wasa, illa dai ta fi 'yan uwanta ƙanƙanta kuma da an ɗan yi guje-guje ita ce ta farkon kwanciya. Maigida ya ce kar in ɗauko mana baƙin ciki, yara su shaƙu da ita ta zo ta mutu a hannunsu, ni kuma ban ga laifinsa ba. Amma kwana uku kenan na kasa cire ta a raina. Ana warkewa daga wannan abun kuwa? Ko tausayi ne kawai yake neman rufe min ido?

Ɗan Dattijo:

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Na daɗe ina aiki tare da likitan dabbobi, irin wannan ƙarar na sha jin ta, bari in miki bayani yadda za ki gane.

Kwikwiyo tun yana cikin uwarsa ba ya numfashi da huhunsa, iskar da yake buƙata ta mabiyiya take zuwar masa, saboda haka akwai wata gajeriyar jijiya da ta haɗa babbar jijiyar da ke kai jini jiki da wadda ke kai jini huhu, aikinta ta kauce da jinin daga huhu tunda huhun bai fara aiki ba. Da an haife shi ya fara numfashi sai ta tsuke ta rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. To PDA shi ne ta ƙi rufewa. Sai ya zama wani kaso na jinin da zuciya ta turo don ya tafi jiki yana sulalewa ta wannan kafa ya koma huhu, daga huhu ya sake dawowa zuciya, kin ga ɓangaren hagu na zuciyar kullum yana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, a hankali ya buɗe ya yi girma, ƙarshe ruwa ya fara taruwa a huhu. Shi ya sa kike ganinta garau yanzu, zuciyar yarinya ce tana jurewa, amma ba za ta jure har abada ba. Waɗanda aka bari ba a yi musu komai ba, fiye da rabinsu ba sa wuce shekara guda bayan an gano ciwon. Kuma ya fi kama mata, da ƙananan karnuka irin su Maltis da Pudul da Pomeraniyan.

Amma ga inda zan kwantar miki da hankali, cikin duk ciwukan zuciyar da ake haihuwar kare da su wannan yana cikin waɗanda ake gyarawa gaba ɗaya. Ko dai a buɗe ta tsakanin haƙarƙari a ɗaure jijiyar da zare, ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa wurin a toshe kafar da wani ɗan marfi da ake kira Amplatz, sai dai in kwikwiyo ya cika ƙanƙanta jijiyar cinyar ba ta ɗaukar bututun, dole a koma ɗaurin. Ba sabon aiki ba ne, tun 1938 wani likita a Amurka, Robert Gross, ya ɗaure irin wannan jijiya a jikin yarinya 'yar shekara 7 ta rayu. A karnuka sama da 90 cikin 100 aikin yana yin kyau in an yi shi da wuri a hannun wanda ya ƙware, daga nan kuma su yi tsawon rai kamar kowane kare.

Abu ɗaya nake roƙonki, kar ki sa hannu a takarda kan zargi, kunne kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana auna ƙarar zuciya daga mataki 1 zuwa 6, kwikwiyoyi da yawa suna da 'yar ƙara mataki 1 ko 2 wadda ke ɓacewa da kanta kafin su kai wata shida, amma wadda har hannu ke jin karkarwarta ta kai 5 ko 6, wannan ba ta tafiya da kanta. Kuma akwai wasu ciwukan, kamar tsukewar bakin jijiya, da su ma suke sa wannan karkarwar, maganinsu daban. A yi mata sikanin zuciya, wanda suke ce wa eko, shi ne zai nuna kafar da girmanta da kuma ta ina jinin yake bi. Don akwai nau'in da jinin ke juyawa ya bi ta baya, ƙafafun bayan kare su riƙa yin rauni in ya yi tafiya, wannan nau'in ba a rufe shi sam, rufewar ce ma za ta kashe shi. Ba shi da yawa, kuma galibi ba ya yin ƙara mai ƙarfi irin wadda kika ji, amma sai an duba.

Anti Mai Haƙuri:

Maman Biyu sannu, na ji miki wallahi. Duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, ni dai ta wani gefen zan zo miki, don maigidanki ma yana da gaskiyarsa kar a bar shi shi kaɗai.

Nawa karen na ɗauko shi yana wata uku, shi hanyar da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki ce ta saki ta zama kamar jaka, ba ta tura abinci. Da ya ci ya sunkuyar da kai sai abincin ya zubo yadda ya shiga, ba yunƙurin amai ba komai. Nasa babu tiyatar da za ta gyara. Shekara biyar yanzu a tsaye yake cin abinci cikin wata 'yar kujerar katako da aka ƙera masa, sau huɗu a rana, in ya gama in zauna gabansa minti ashirin ina shafa kansa har abincin ya gangara, ko ina da baƙi ko ina zazzaɓi. Sau biyu abinci ya faɗa masa huhu ya yi nimoniya, na kwana zaune ina jin numfashinsa yana kurr kurr ina hawaye. Ban taɓa nadama ba ko sau ɗaya, amma ranar da na ɗauko shi tausayi ne kawai ya ɗauko min shi, ban san me na shiga ba, kuma da ban samu masu kama min ba da na gaza.

Naki da sauƙi in PDA ɗin ne, wahalar lokaci ɗaya ce, amma wannan lokaci ɗayan nauyi gare shi. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, akwai likitan da ke wannan aikin inda za ki iya kai ta? Ba kowane asibitin dabbobi ke yi ba. Kuɗin fa, kina da shi yanzu, ba wai za ki tara nan da shekara ba, don ciwon ba ya jira? Kar ki dogara da inshorar dabbobi, ba sa biyan ciwon da aka riga aka sani kafin a yi rajista. Ki tambayi gidan ko za su ɗauki nauyin aikin ko wani ɓangare, wasu suna yi, wasu kuma suna yarda ki riƙe ta a matsayin riƙo tana ƙarƙashin sunansu har a gama aikin sannan ta zama taki. In kin ɗauke ta alhali ba za ki iya kai ta tiyata ba kin tare wa wanda zai iya hanya ne. Kuma kar ki shigo da ita sai maigida ya amince da zuciya ɗaya.

Baban Gida:

Tawa an yi mata ɗaurin tana wata biyar, yanzu shekararta shida, in ta fita da gudu ba mai kamo ta. Abin da ya fi ba mu wuya ba aikin ba ne, sati biyun bayansa ne, kwana uku kacal ta ji ƙarfi ta fara neman tsalle kan kujera ga ɗinki a gefenta, sai da muka riƙa kulle ta a keji da wannan abin wuyan mai kama da mazurari don kar ta lashe wurin, yara kuma aka kafa musu doka ba mai ɗaga ta ta ƙirji. Ranar da aka cire zaren likita ya ba ni abin sauraren na sa a kunne, ƙarar nan kamar injin niƙa babu ita, sai dum dum kawai, sai da idona ya kawo ruwa.

Kafin a yi aikin ki koyi ƙirga numfashinta in tana barci, ki kalli ƙirjin, hawa da sauka ɗaya ne, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya, in ya riƙa wuce haka ko ta fara tari ko dasashinta ya dushe kar ki jira gari ya waye. Sannan ko ta warke kar a bari ta haihu, abin yana bin jini, in ta murmure ki yi magana da likita a cire mata mahaifa.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Anti maganarki ta shige ni sosai, daren jiya na karanta wa maigida duka, ya yi shiru can ya ce to a fara yin sikanin mu ji, in wanda ake gyarawa ne shi da kansa zai kai ta. Da safe na kira gidan, sun yarda da tsarin riƙon, sun ce su za su yi sikanin ranar Alhamis kuma za su ba ni kwafin sakamakon da katin rigakafinta, maganar tiyata sai mun zauna bayan nan. Yaran ban gaya musu komai ba tukuna. Ɗazu na biya na same ta tana barci na ƙirga kamar yadda Baban Gida ya ce, 24 na samu, na sake ƙirgawa 26. Malam Ɗan Dattijo dan Allah ranar sikanin ana sa mata maganin barci ne ko a farke ake yi, kuma in ce su hana ta abinci da safen?