'Yan tsakin bantam masu kwana 16: yaya zan gane zakaru, kuma wane rigakafi zan fara?

Uwar Tsaki ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Daga Zariya nake, kuma taimakonku nake nema. Wata ƙawata ce ta ba ni ƙwan bantam guda 14, irin ƙananan kajin adon nan, na sa wa wata kazar Hausa tawa da ta shiga kwanci. Tun a kwana na 20 suka fara fasowa, washegari ta tashi da 11. Biyar silki ne, masu gashi kamar auduga da baƙar fata da yatsu biyar, huɗu masu gashi har ƙafa, sai biyu masu zanen baƙi a bakin kowane gashi, waɗanda ƙawata ta ce sunansu sibrait. Yau kwanansu 16.

Gidanmu na haya ne, tsakar gida ɗaya muke da wasu iyalai biyu, kuma maigida ya ce zakara ɗaya kawai zan bari saboda cara da asuba. Ina so in san zakarun da wuri in bayar da su kafin yara su shaƙu da su, don ƙaramar 'yata har ta fara raɗa musu suna. Surukata ta ce in kama ɗan tsako ta ƙafa in juya kansa ƙasa, in ya ɗago yana fisge-fisge namiji ne. Na gwada a kan biyu, hankalina bai kwanta ba, sun yi ƙanƙanta da yawa.

Abu na biyu shi ne ya fi hana ni barci. Bara da hunturu kajina 19 ne, cikin mako guda suka koma 2. Sai ka ga kaza ta takure, fikafikai sun sauka kamar ta yafa bargo, tana koren kashi, tana buɗe baki tana numfashi. Wata ta rayu amma wuyanta ya murɗe, tana son tsince tsaki tana kuskure. Ni na riƙa kwashe su da safe da hannuna. Ban taɓa yi wa kaza rigakafi ba, barkono da kafso kawai na sani. Ga sanyi ya kusa. Me zan fara ba su, kuma ƙanƙantarsu ba za ta sa maganin ya fi ƙarfinsu ba?

Baba Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da na biyun, don shi ne mai gaggawa. Zakara zai nuna kansa ko kin so ko ba ki so, cuta kuwa ba ta jiran kowa.

Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da Niyukasul, wadda a wajenmu ake ce wa fakat. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi ya sa kafso bai yi miki komai ba, barkono kuma balle. In ta shiga gida babu magani, sai dai abin da Allah ya bari. Kuma lokacinta ke nan, in iskar hunturu ta taso, ga kuma kajin kasuwa suna yawo daga hannu zuwa hannu.

Ki nemi rigakafin da ake kira I-2. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin sa, kuma asalinsa daga Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya ne, don masu kajin gida irinki aka yi shi, saboda ya fi sauran jure zafi. In ba ki samu ba, Lasota ma yana yi, sai dai shi ba ya son ya rabu da sanyi ko kaɗan. Jure zafin I-2 ɗin ma kada ya ruɗe ki, ki je da kula da ƙanƙara, ki dawo gida kai tsaye, ba ki biya kasuwa da shi a jaka ba.

Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya. Ki riƙe ɗan tsakon a tafin hannu, kansa a karkace, ki ɗiga, ki jira har ya ƙifta ruwan ya shige kafin ki sake shi. Ki ajiye kwali biyu, wanda kika yi wa ki sa shi a na biyun don kada ki rikice. Ɗigon ɗan tsako da na babban zakara ɗaya ne, ba a ragewa don bantam ne. Ba kamar maganin tsutsa ba ne da ake auna nauyi, wannan ƙwayar cutar ce mai rauni take shiga ta koya wa jiki yadda zai kare kansa. Ki yi wa uwar, ki yi wa biyun nan da suka tsira bara, ki maimaita wa 'yan tsakin bayan mako uku zuwa huɗu, daga nan duk bayan wata huɗu. Da safe ake yi, a inuwa. Wanda kika ga ba shi da lafiya ki ware shi, kada ki ɗiga masa. In kin gama ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa fuskarki, don in ya shiga idon mutum yana sa shi ja na 'yan kwanaki.

Za ki ga kwalbar ta kaji da yawa ce, ke kuma 14 gare ki. Kada ki ce za ki ajiye ragowar a firji zuwa wata mai zuwa, da zarar an haɗa shi da ruwa a ranar ake gamawa. Ki shiga maƙwabta ki yi musu nasu. Ni haka nake yi shekara da shekaru, kuma ba don kirki kaɗai ba, kazar maƙwabci ce take kawo miki cutar ta kan katanga.

Mai Kajin Ado ya amsa:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Maganar Baba ba ta da gyara, ni kan gane zakaru zan yi magana, don shekarata shida da waɗannan kajin.

Ki daina juya su, don Allah. Na gwada wannan, na gwada na allura da zare da ake lilawa a kansu, na gwada zaɓen ƙwai mai tsini da mai zagaye, duk canki-canka ne. Kowane ɗan tsako ko namiji ne ko mace, dole mai canka ya dace a rabi, sai ya riƙe waɗanda ya dace a kansu ya manta sauran. Akwai dubawa ta dubura da ƙwararru suke yi a ranar ƙyanƙyasa, wadda aka faro a Japan, amma aiki ne na horo mai tsawo, kuma ko manyan gidajen ƙyanƙyasa yawanci a gauraye suke sayar da bantam saboda ƙanƙantarsu. In kika matsa cikin ɗan tsako irin wannan za ki iya kashe shi. Duba gashin fiffike da ake yaɗawa a bidiyo ma sai ga wasu irin da aka haɗa musamman don hakan.

Abin da ke aiki shi ne haƙuri da kwatanta su da junansu, iri da iri. Kada ki gwada silki da mai gashin ƙafa. Masu gashin ƙafan nan su ne masu sauƙi. Daga mako 4 zuwa 6 zankon namiji zai ɗago ya yi ja, naman ƙasan bakinsa ya fara leƙowa, na macen kuwa yana nan ƙarami, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Sau da yawa matan sun fi saurin rufe baya da gashi, namijin ya daɗe da kafaɗa a tsiraice. Ƙafarsa ta fi kauri, kuma in kika yi wata 'yar ƙara shi ne zai miƙe wuya yana kallonki, matan su lafe. Wajen wata uku gashin wuyansa da na gadon baya kusa da wutsiya zai fito siriri mai tsini da sheƙi, na mace bakinsa a zagaye. In kika ga wannan magana ta ƙare.

Sibrait kuma a nan suke yaudara, namijinsu gashin mace gare shi, ba ya fitar da mai tsinin nan, ba ya yin doguwar wutsiya mai lanƙwasa. Zanko kawai za ki duba.

Silki su ne ciwon kai. Akwai wanda na yi wata biyar ina kira Amarya, wata asuba ya buɗe baki ya yi cara. Abin da nake dubawa yanzu tukkun kai ne, na mace a dunƙule yake kamar ƙwallon auduga, na namiji yana kwantawa baya da wasu dogayen silili suna fitowa ta ƙeya. Zankonsa ma ya fi faɗi, kamar an manna masa goro a goshi. Amma kafin wata uku ko huɗu ko ni ba na rantsuwa. Ki samo zaren saƙa kala-kala ki ɗaura wa kowanne a ƙafa sako-sako, ki riƙa ɗaukar hotonsu duk Juma'a, kina canza zaren in ƙafa ta yi kauri don kada ya ci nama.

Hajiya Mai Ƙwai ta amsa:

Ƙanwata, ni kajin ƙwai nake kiwo, 300, don haka jadawalin rigakafi ya zama mini kamar karatun sallah. Abin da zan ƙara a kan na Baba shi ne wata cutar 'yan tsaki da ake kira Gumboro. Tana kama su ne tsakanin mako 3 zuwa 6, kuma mu muna ba da rigakafinta a ruwan sha wajen kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan kamar kwana goma. Naki sun ɗan gota amma ba su makara ba. Ni dai zan bar 'yan kwanaki tsakaninsa da na ido. In za ki ba su a ruwa, ki ɗauke musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu su ji ƙishi, ki yi amfani da ruwan rijiya a mazubin roba, ba na famfo mai kilorin ba, don kilorin yana kashe rigakafin. Ki zuba garin madara marar kitse kamar giram 2 a lita ɗaya, su shanye cikin awa biyu.

Sai na ƙurajen nan da ke fesowa a zanko da gefen ido, wanda sauro ke yaɗawa, ya fi yawa da damina. Shi a fatar fiffike ake soka shi, daga mako 6 zuwa 8. Fiffiken bantam ɗan mitsitsi ne, ga jijiya kusa, ki bari likitan dabbobi ya yi miki na farko kina kallo. Bayan mako guda ki duba wurin, in ya ɗan kumbura ya yi ɓawo to ya kama.

Akwai kuma Marek, mai shanye musu ƙafa, ɗaya gaba ɗaya baya. Silki da sibrait suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Allurarta a ranar farko ake yi a fatar bayan wuya, kuma kwalbar ta kaji dubu ce, shi ya sa masu kiwon gida ba sa samu. Naki sun riga sun sha ƙurar akurki da uwarsu, wannan ya wuce.

Baba Malamin Gona ya sake amsawa:

Hajiya, na yarda da ke, amma kada mu tara wa yarinyar nan kaya ta rasa ta inda za ta fara. Kajinki 300 ne a ɗaki ɗaya, nata 11 ne suna bin uwa a tsakar gida. In kuɗi ko lokaci ya gaza, Niyukasul ne ba a bari. Sauran ta tambayi likitan dabbobi na yankinsu abin da ke yawo a unguwar. Kuma 'yata, duk kazar da aka kawo miki, ta kyauta ko ta kasuwa, ki kulle ta daban mako uku kafin ta haɗu da naki. Ki tuna baya ki gani ko wata ba ta shigo gidan ba kafin abin bara.

Uwar Tsaki ta dawo:

Baba, wallahi ta shigo. Zakaran da aka kawo mana na suna ne, ya kwana uku a akurkin kafin a yanka shi, kuma tun ranar da ya zo yake gyangyaɗi, na ɗauka gajiyar hanya ce. Sai yanzu na haɗa.

Jiya na je shagon magungunan dabbobi da kular abincin yara cike da ƙanƙara. I-2 ya ƙare, Lasota na samu, na ga an ciro shi daga firji a gabana kuma na duba kwanan watan jikin kwalbar. Mai shagon ya nuna mini yawan ruwan da zan haɗa da abin ɗigawa. Yau bayan sallar asuba ni da babban ɗana muka yi wa namu 14, sannan muka zaga gida huɗu, muka yi wa kaji 63 gaba ɗaya. Wata maƙwabciya ta hana, ta ce ba za a sa wa kajinta abu a ido ba, na ƙyale ta, zan sake mata magana in za mu maimaita. Ragowar na zuba masa tafasasshen ruwa na binne kwalbar. Na Gumboro sai ranar Litinin in Allah ya kai mu.

Malam Mai Kajin Ado, na ɗaura zaren. Mai jan zare cikin masu gashin ƙafa tun yanzu yake ture 'yan uwansa a kasko yana miƙe wuya, shi nake zargi. Zan sa hotonsu in sun cika mako biyar ka duba mini zankon. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.