Brewers a kakar 2025: wa zai toshe gurbin Adames?

Bakano_a_Milwaukee ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka iya amma akwai 'yan besbol kaɗan da nake ganin suna magana lokaci lokaci, to ku nake nema yau. Ga shi an shiga Fabrairun 2025, 'yan wasa sun fara hallara sansani a Phoenix, ni kuwa gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba da Brewers ɗin bana, ƙungiyar besbol ta garinmu Milwaukee. Willy Adames ya tafi Giants, shekara 7 dala miliyan 182, mutumin da ya buga mana hom ran (bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katanga) 32 bara kuma ya shigo da maki 112, kuma ba bugun kaɗai ba, shi ne mai ɗaga yaran idan jiki ya yi sanyi, duk wanda ke kallon benci ya san haka. Devin Williams mai jifan da ke rufe mana wasa a zagayen ƙarshe an miƙa shi Yankees an karɓo Nestor Cortes da wani yaro Caleb Durbin wanda ko wasa ɗaya bai taɓa yi a babbar gasa ta MLB ba. Montas ya tafi Mets, Colin Rea ya tafi Cubs. To wa aka sayo? Ni dai ban ga kowa ba.

Ina cikin filin ran 3 ga Oktoba, wasa na uku da Mets, na raba gardama a zagayen farko na wasannin neman kofi, can sama na zauna inda tikiti ya fi sauƙi. Da Bauers da Frelick suka buga hom ran a jere a zagaye na bakwai, wani dattijo da ke gefena da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana kuka, muka ce shi ke nan 2 da nema an wuce. Sai zagaye na tara Pete Alonso ya ɗauki ƙwallon Williams ya watsa ta bayan katanga, mutum uku suka shigo, suka ƙara ɗaya aka tashi 4 da 2. Wallahi filin ya yi tsit, takun mutane kawai kake ji a matakala ana sauka, na kai kusan rabin awa a mota ban tada ta ba.

Tambayata biyu ce. Wa zai tsaya wurin Adames, tsakanin bes na biyu da na uku, kuma wa zai riƙe bes na uku? Sannan masu jefa na farko, bayan Peralta wa muke da shi da za a kwana da ido biyu rufe? Don Allah wanda ya fi ni sani ya yi min bayani.

Alhaji_Chicago ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni shekarata ta 20 da wani abu a Chicago kuma Cubs nake yi, ka sani, amma zan gaya maka gaskiya tsakani da Allah. Wannan kukan da kake yi shi kuka yi kafin kakar bara. Kocinku Counsell ya baro ku ya zo mana a kan miliyan 40 shekara 5, aka sayar da gwanin jifanku Corbin Burnes wa Baltimore, ɗayan gwanin Woodruff yana kwance da kafaɗa, kowa ya ce Milwaukee ta mutu. Me ya faru? Kun ci wasa 93 kun bar mu da Cardinals a 83, tazarar wasa 10 cif, sabon kocinku Pat Murphy ya ɗauki kyautar kocin shekara. Ni na daina yi wa kulob ɗin nan kallon raini tun daga nan.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne tsarin gasar. Ɗan wasa sai ya yi shekara 6 a babbar gasa kafin ya samu 'yancin zuwa inda ya ga dama, shekara ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake biyansa, bana dala dubu 760 ne, uku na baya kuma kuɗin na hawa a hankali. To kulob irin naku cikin shekarun nan shida yake rayuwa, yana cin moriyar yaro yana da araha, in saura shekara ɗaya ya sayar ya karɓo yara biyu sabbi. Dubi Burnes, shekara ɗaya tak ya yi wa Baltimore ya wuce Arizona a kan miliyan 210, ku kuwa har yanzu Joey Ortiz da DL Hall da aka karɓo a kansa suna hannunku na shekaru. Ko Hader, tsohon mai rufe muku wasa da kuka yi ta zagin shugabanni a kan sayar da shi a 2022, cikin yaran da aka karɓo akwai Esteury Ruiz, shi aka juya aka samo William Contreras, yau ka nuna min mai cafka (mai tare ƙwallo a bayan mai bugu) a gasar da ya fi shi bugu.

Kuma ba son rai ba ne duka. Besbol ba shi da iyakar albashi irin ta ƙwallon kwando, haraji kawai ake sa wa wanda ya haura miliyan 241 a 2025, masu kuɗi kuma biya suke su wuce. Kuɗin talabijin na gari kowa da kasuwarsa, Dodgers sun sa hannu a kan sama da biliyan 8 na shekara 25, Milwaukee kuwa ita ce kusan ƙaramar kasuwa a gasar gaba ɗaya kuma kamfanin da ke nuna wasanninku ya shiga fatara a 2023. Soto shi kaɗai miliyan 765 Mets suka ba shi na shekara 15, kasafta ka ga miliyan 51 duk shekara, kusan rabin albashin 'yan wasanku kaf. Da me za a yi wannan takara?

Amma bana ku yi hattara da mu, mun ɗauko Kyle Tucker daga Houston.

Bakano_a_Milwaukee ya amsa:

Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ji bayanin kuma na yarda da rabinsa. Inda ban yarda ba shi ne a ce babu kuɗi kwata kwata. Mutum sama da miliyan 2.5 suka shiga filin nan bara, a gari ƙarami irin wannan. Jihar Wisconsin da gari da gunduma sun amince da kusan miliyan 500 na kuɗin jama'a don gyaran filin a ƙarshen 2023, harajinmu ne fa ciki. Mai kulob ɗin Mark Attanasio yana da abin sa hannun jari a Norwich City ta Ingila. Ni ban ce a sayo Soto ba, ban ma ce a riƙe Adames a kan 182 ba don na san shekarun ƙarshen kwantiragin za su yi nauyi, cewa na yi a nemo mutum ɗaya gogagge na bes na uku ko da na shekara ɗaya ne. Sau 6 muka shiga wasannin Oktoba na neman kofi cikin shekara 7, amma tun da muka fitar da Rockies a 2018 ba mu sake tsallake zagaye ko ɗaya ba, kullum abu kaɗan ne ke rage mana kuma kullum abu kaɗan ɗin ne ake ƙin saya.

Dan_Kaduna_mai_lissafi ya amsa:

Malam ni daga gida nake bin su, wasan dare nasu ƙarfe ɗaya saura na dare yake farawa a nan don haka yawanci da asuba nake kallon taƙaitawa in duba alƙaluma, amma wancan na Alonso ban yi barci ba na gani kai tsaye, har yau ban so a tuna min.

Maganar wurin Adames ni ba ta dame ni ba ta ɓangaren tsaro. Ortiz asalinsa ɗan wannan wurin ne, don Adames na nan ne aka tura shi bes na uku bara, yanzu gida zai koma. In ma bai yi ba ga Brice Turang, shi ma a can ya taso, sai dai ni ba zan taɓa shi ba, mutumin da aka ba kyautar wanda ya fi kowa tsaro a duk rukunin National, ɗaya daga rukuni biyun gasar, bara yana bes na biyu kuma ya saci bes 50, me zai sa ka ɗaga shi daga inda ya gwanance. Tsakiyar filin nan ƙwallo ba za ta riƙa wucewa ba, watakila ma ya fi na bara.

Ramin yana wurin sanda. Ortiz hom ran 11 ya buga, ka cire daga 32 ka ga abin da ya ɓace, kuma duk wanda za a sa a bes na uku, Durbin ne ko Oliver Dunn ko Monasterio, babu mai ƙarfin cike wannan. Durbin ɗan guntu ne mai gudu, yana taɓa ƙwallo ba ya yawan faɗuwa, irin yaran da Murphy ke so ke nan, amma ba shi zai fitar da ita waje ba. Saboda haka dole ƙarfin ya fito daga mutum uku. Na farko Chourio. Yaron nan ɗan Maracaibo sai 11 ga Maris zai cika 21, watanni biyun farko bara ya sha wahala har ana cewa a mayar da shi ƙaramar gasa, daga Yuni ya buɗe wuta ya ƙare da hom ran 21 da satar bes 22, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya haɗa 20 da 20 ba, kuma ku tuna wasa na biyu da Mets sau biyu ya fitar da ita. An ɗaure shi shekara 8 a miliyan 82 tun kafin ya taka babbar gasa, wannan ita ce dabara mafi kyau da kulob ɗin ya yi a shekarun nan. Na biyu Yelich, yana buga .315, wato yana dacewa kusan sau 32 cikin 100, kafin baya ya kayar da shi aka yi masa tiyata a Agusta, wasa 73 kawai ya yi, shi ke cin albashi mafi tsoka, in bayan ya riƙe to an rage rabin matsalar, ni da a bar shi ya riƙa bugu kawai ba tare da tsaron fili ba. Na uku Hoskins, 26 ya buga amma .214 ba abin nunawa ba ne, sai dai bara ce farkon dawowarsa daga yagewar jijiyar gwiwa, bana babu uzuri.

Masu jefa kuma a nan nake tare da kai. Peralta ya fitar da mutum 200 bara amma yana yawan ƙona jifa, zagaye biyar ya gaji. Tobias Myers ya ba kowa mamaki, shi ya fara wasan nan na uku ya yi zagaye biyar ba a ci shi ko ɗaya ba, amma shekara ɗaya ba ta isa a rantse da mutum ba. Civale matsakaici ne. Cortes gwiwar hannu ta dame shi ƙarshen bara. Woodruff tun Oktoban 2023 aka yi masa aikin kafaɗa bai jefa ko ɗaya ba a 2024, kuma kafaɗa ba kamar gwiwar hannu ba ce, da yawa ba sa dawowa yadda suke. Rufe wasa bai dame ni ba, Megill ya rufe 21 lokacin da Williams ke jinya. Akwai kuma wani dogon yaro Misiorowski a ƙaramar gasa mai jifa kamar harsashi, in ya koyi saiti za mu gan shi kafin kaka ta ƙare.

Maman_Abba_Madison ta amsa:

Sannunku da hira. Ni ban iya lissafin nan naku ba, ɗana ne ya ja ni cikin abin nan tun da ya fara bugawa a ƙungiyar yara ta unguwa. Abin da na ga ba wanda ya ambata shi ne Bob Uecker, wanda ya mutu ran 16 ga Janairu yana da shekara 90. Tun 1971 yake sharhin wasannin kulob ɗin a rediyo. Lokacin da muka zo ƙasar nan Turancina bai nuna ba, a mota nake kunna shi ina kai yara ina ɗauko su, ban gane rabin abin da yake faɗa ba amma muryar kamar ta kakan gida, yana ba da labari yana dariya wasa na tafiya. Wasan Mets ɗin nan da kuke magana shi ne na ƙarshe da ya yi. Ranar da aka sanar Abba ya dawo makaranta ya ce Mama malaminmu ya kasa koyarwa yau. Mun je bakin filin wurin mutum-mutuminsa, ga sanyi ga ƙanƙara, mutane sun tara furanni da huluna. Ni ina ganin yaran nan za su buga bana da wani abu a zuciya wanda ba ya cikin alƙaluma.

Abba kuma ya ce in tambaye ku, rigar Adames da na saya masa bara, ya ci gaba da sawa ko a sayi ta Chourio?

Bakano_a_Milwaukee ya amsa:

Hajiya ki ce masa ya ci gaba da sa ta Adames, mutumin bai yi mana laifi ba, tun da ya zo daga Tampa a 2021 bai taɓa yi mana ƙwauron ƙarfinsa ba. In za a sayi sabuwa kuma ta Chourio ce, shi dai yana nan har Abba ya gama sakandare in sha Allah.

Malam na Kaduna na gode sosai, ka kwantar min da hankali a kan Ortiz amma ka tada min shi a kan Woodruff. Har yanzu ina nan kan bakata game da bes na uku, kuma Alhaji ka ce wa Tucker muna jiransa. Wasan farko 27 ga Maris ne a New York da Yankees, cikin goman ƙarshe na azumi zai faɗo, kuma in suna gaba a zagaye na tara Williams ne zai fito ya jefa wa Yelich da Contreras, ban san yadda zan kalli wannan ba. Na gida kuma 31 ga wata da Royals, daidai lokacin sallah, na riga na nemi hutun ranar a wurin aiki. Hajiya in za ku shigo da Abba ki sanar da ni a nan, zan zo da wuri in kama mana wuri a filin ajiye motoci, tsire a kaina.