Muhawara: Shin Zamfara na buƙatar ranar tunawa da 'yancin ɗan ƙasa?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai shawarar da nake so mu tattauna kafin in rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu. Ina ganin ya dace Majalisar Dokokin Zamfara ta yi doka, ta ware rana ɗaya a kowace shekara don tunawa da haƙƙoƙin da kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa: kada a kama shi ba dalili, kada a tsare shi ba shari'a, kada a hukunta shi don ƙabilarsa. An yi irin wannan a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 2010 majalisarsu ta zartar da doka, Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu, 30 ga Janairu ta zama ranar 'yancin ɗan ƙasa da tsarin mulki, da sunan wani mutum Fred Korematsu. Ni na ce mun fi su buƙatar irin wannan rana a halin da muke ciki.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, Allah shi ba ka lada, amma ban gamsu ba. Mutanen da anka kora daga ƙauyukkansu suna kwana cikin kangaye nan Gusau, manomi sai ya biya haraji ga 'yan daji kafin shi taɓa gonarshi, kai kuma kana zancen rana? Hutun da muke da su sun isa. In anka ƙara wani, ma'aikaci shi kwanta gida, ɗan kasuwa shi rasa ciniki, a kira manya a yi jawabi a raba ruwan kwalba a watse. Mi talaka ya samu?

Malam Nasiru: Alhaji, ba hutu nake nufi ba. Ko a Kalifoniyar ba a rufe ofis ko makaranta ranar. Makarantu ake ƙarfafa wa gwiwa su karantar da yara labarin mutumin da abin da tsarin mulki ya ce.

Malama Saratu: To wane ne shi wannan mutumin da har za mu kwaikwayi ranarsa?

Barista Hauwa: Anti Saratu, bari in ba da labarin, don shi ne ƙashin bayan maganar. An haifi Korematsu a garin Oakland a 1919, iyayensa 'yan asalin Japan ne, shi kuwa cikakken ɗan Amurka. Da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojojin ruwan Amurka, a Disambar 1941, sai Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066 a Fabrairun 1942. Da wannan umarnin aka kwashe mutum wajen 120,000 masu jinin Japan daga yammacin ƙasar aka zuba su a sansanoni, kusan kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. Ba a tuhumi kowannensu da wani laifi ba, asalinsu kawai aka duba. Korematsu ya ƙi tafiya, aka kama shi a Mayun 1942, kotu ta same shi da laifi. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, a Disambar 1944 alƙalai 6 cikin 9 suka goyi bayan gwamnati, suka ce larurar yaƙi ce.

Bayan kusan shekara 40 aka tono takardun da suka nuna cewa lauyoyin gwamnati sun ɓoye wa kotu rahotannin jami'an leƙen asiri da suka ƙaryata zargin da ake yi wa waɗannan mutane. A 1983 wata kotun tarayya a San Francisco ta soke hukuncin da aka yi masa. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman afuwa, aka biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000. Kwamitin da majalisarsu ta kafa ya ce abu uku suka haddasa wannan zalunci: ƙyamar launin fata, ruɗanin yaƙi, da gazawar shugabanni. Ku sake karanta ukun nan, ku gaya mini wanne ne baƙo a wurinmu.

Malama Saratu: Na ji, kuma na tausaya musu. Amma Hauwa, su ba su taɓa kowa ba. Mu nan ana zuwa da babura a kwashe mana 'ya'ya. 'Yan mata 279 aka ɗauke a Jangebe a Fabrairun 2021, ko kun manta? Ni yayana aka kashe a gona a yankin Tsafe, ya bar marayu, har yau ba wanda aka gurfanar. Duk lokacin da aka ce "haƙƙin ɗan Adam" a ƙasar nan, abin da nake gani shi ne an kama mugu yau, jibi ka gan shi a kasuwa. Wa zai ware wa yayana rana?

Malam Isiyaka: Allah ya jiƙansa, ya sa shahada ya yi.

Barista Hauwa: Amin. Anti, wallahi ban raina zafin da kike ji ba. Amma haƙƙin farko a babi na 4 na tsarin mulkin 1999 shi ne na sashe na 33, haƙƙin rayuwa. Na yayanki ne aka fara tauyewa, kuma gwamnatin da ta kasa gurfanar da makasansa ta kasa sauke wannan nauyi. Sakin mugu bayan kwana biyu kuwa ba doka ce ta ce a yi ba. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Kotu ya ce a kai shi, bai ce a sallame shi ta ƙofar baya ba. Har ma sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'idar. Inda ake kamawa a ɓoye ba rubutu, nan ne ake saki a ɓoye ba rubutu. Mai kuɗi ya fanshi kansa, marar galihu ya ruɓe a ciki.

Bello: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni Bafulatani ne, kun sani, a ruga aka haife ni wajen Maru. Ɓarayin daji sun kwashe mana shanu tun kafin su fara shiga garuruwa. Amma yau in ƙanena ya shiga kasuwar ƙauye da sanda da rawani, gabana faɗuwa yake har ya dawo. An taɓa tare wani ɗan ƙanwar mahaifiyata a hanya, wasu masu ɗauke da makamai suka tafi da shi, ba su tambaye shi komai ba sai rugar da ya fito. Har yau ba mu ga gawa ba, ba mu ji kotu ba. Anti Saratu, ni da ke abu ɗaya aka yi mana. Labarin da Barista ta bayar, da na karanta sai na ji kamar namu ake faɗa.

Malama Saratu: Allah ya jiƙansa in ya rasu, in yana raye Allah ya bayyana shi. Ban taɓa cewa duk Bafulatani ɓarawo ne ba, Bello. Amma kai ma ka san akwai masu kai wa 'yan daji rahoto da man fetur da burodi, a cikin Fulani da Hausawa duka. In aka ɗaure hannun jami'an tsaro, ta yaya za a kama su?

Bello: A kama su da sunansu da shaidar abin da suka yi. Wannan kawai nake roƙo.

Malam Isiyaka: Ni inda nake da ja daban ne. Asalin maganar ba ni da saɓani da ita, don addini ya riga kowa. Allah ya ce rai mai ɗaukar nauyi ba ya ɗaukar nauyin wani, ayar ta zo a Suratul An'am da Isra'i da Faɗir. A huɗubar ban kwana Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya haramta jinin mutane da dukiyarsu da mutuncinsu. To me ya kai mu ɗauko sunan Ba'amurke? Da zarar jama'a sun ji "ranar 'yanci" daga Amurka, za su ɗauka ƙofa ce ake son buɗe wa abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu, su juya baya tun ba a fara ba. Kuma akwai 10 ga Disamba, ranar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun tuni, wa ya san da ita a Anka ko Bukkuyum?

Malam Nasiru: Allah ya gafarta Malam, ban ce a sa sunansa ba. Darasin da na ɗauka shi ne sun rataya ranar a wuyan mutum ɗaya da labarinsa, shi ya sa yaro ke riƙewa. 10 ga Disamba ba ta zauna a zukata ba don ba fuskar kowa a jikinta. Mu ma muna da namu. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta sa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce korar haramtacciya ce, ya dawo gida. Ga Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU da ta sha ɗauri don ta ce matan Arewa su ma su jefa ƙuri'a. Ɗalibaina na ajin ƙarshe a sakandare ba wanda ya san ko ɗaya daga cikinsu.

Alhaji Garba: To ka ga matsala ta biyu. Wanga ɗan Borno, waccan 'yar Zariya, dukansu 'yan siyasa. Ranar da anka kai ƙudurin majalisa, gardamar suna kaɗai za ta cinye zaman. Kuma ku tuna 12 ga Yuni. Buhari ya mai da ita ranar dimokuraɗiyya a 2018, an karrama Abiola, madalla. Sayen ƙuri'a ya ragu? Kuma ina tambaya, a Satumbar 2021 da anka katse layin waya a jihar nan, anka rufe kasuwannin mako, anka hana saida mai a jarka, ni kaina na yi asara, amma na goyi baya don tsaro. Da wagga rana taku tana nan, cewa za ku yi an tauye 'yanci?

Barista Hauwa: Baba Alhaji, tambayar nan ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi, kamar zirga-zirga da taro, saboda tsaro da zaman lafiya, amma da sharaɗin a yi shi da doka, kuma ya zama abin da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya. Ba na cewa matakin 2021 kuskure ne ko daidai. Cewa nake ya kamata a ce akwai ranar da majalisa za ta zauna ta tambaya: mun hana mutane waya da kasuwa, me aka samu, wa ya cutu, yaushe za a ɗage? Alƙalan 1944 ma da sunan tsaro suka amince, ba su matsa a nuna musu hujja ba.

Amma na yarda da ku a abu ɗaya, in jawabi ne kawai, ni ma ba na so. Ga abin da zan sa a cikin daftarin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wanda ake nema, wato ba a kama uba don ɗa ya gudu. Ta kuma ce babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Mutum nawa suka san wannan a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan? Dokar ta wajabta a ranar kwamishinan shari'a ya kawo wa majalisa adadin masu jiran shari'a da tsawon zamansu, a karanta babi na 4 da Hausa da Fulatanci a rediyo, makarantu su yi darasi ɗaya a kai.

Malam Isiyaka: In haka ne, a haɗa da limamai, a yi huɗuba a kai a Juma'ar makon, a kafa hujja da aya da hadisi. Kuma kada a sa sunan kowa, a ce Ranar Adalci da Haƙƙin Ɗan Ƙasa.

Malam Nasiru: Huɗuba na karɓa hannu biyu. Rashin suna ne ban yarda ba tukuna, Malam, don dalilin da na faɗa.

Malama Saratu: Ni sharaɗina ɗaya. A rahoton da kwamishina zai kawo, a sa adadin waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace a shekarar, da mutum nawa aka gurfanar a kansu. In za a lissafa na cikin kurkuku a bar na cikin kabari, kada a kawo mini takardar.

Bello: Na goyi bayan wannan, muddin za a lissafa har da waɗanda suka ɓace a hannun masu cewa suna kare gari.

Barista Hauwa: Duka biyun za su shiga sashe ɗaya, zan rubuta shi a daren nan.

Alhaji Garba: Ni dai ba ni sa hannu. Dokar da ta ce majistare shi duba masu tsare kowane wata tana nan tun 2020 in ji Barista, to ku fara da tambayar ko ana zuwa. In ta wata-wata ba ta aiki, ta shekara-shekara ba za ta yi ba. Ku rubuta wannan takardar ga babban jojin jiha, ita zan sa ma hannu, har kuɗin buga ta ni zan biya.

Malam Nasiru: To takarda biyu ke nan, Alhaji, ɗaya zuwa majalisa, ɗaya zuwa babban joji. Barista, a turo su kafin Asabar kowa ya gyara, sai mu haɗu bayan La'asar mu ƙarasa maganar suna.