Tsallake daga baiti zuwa amshi a kwamfuta: ya kuke yi a filin biki?

Mai Fiyano, Gusau: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina bin wani mawaƙi zuwa bukukuwa, ni ke riƙe masa kiɗa a kwamfuta. A situdiyo komai a jere yake, shimfiɗa, baiti, amshi, baiti. A fili kuwa da zarar an fara liƙi sai ya tsaya kan amshi yana kiran sunayen dangin amarya, kiɗa kuma ya wuce baiti na uku ya bar shi. Manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake amfani da ita. Wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗan Kaura: Wa alaikumus salam maigida. Maganin na cikin FL ɗin. Danna Alt da T ka dasa alama a farkon kowane sashe a Playlist, wato inda ake jera sassan waƙa. Alamar amshi ka mayar da ita Marker loop, zai yi ta zagaye tsakaninta da ta gaba. Akwai Marker skip da ke tsallake sashe, da Marker pause da ke tsayar da kiɗa. Ta ƙarshen nake sawa inda sanƙira zai yi kirari.

Injiniya, Birnin Kebbi: Ni manhajar Ableton Live na koma saboda wannan matsala. Kowane sashe layinsa daban, ka ce masa in ka gama bi na ƙasa, ko maimaita, ko koma na farko. Follow Action suke kiransa, kuma tun Live 11 da ta fito a 2021 ana iya sa wa layi gaba ɗaya. Amma ba na barin kwamfuta ta yanke hukunci kan amshi. Baitoci su bi juna da kansu, amshi kuwa ya yi ta juyawa sai na taka maɓallin ƙafa. Ko na taka da wuri ba ya tsalle nan take, sai awon, wato ƙidayar bugun kiɗan, ya cika. Kwamfuta ba ta ganin Hajiya ta buɗe jaka.

Mai Kalangu, Argungu: Injiniya, nan ne gizo ke saƙa. Awon da yake jira na wane kiɗa? Wanda muka naɗa na kalangu awonsa 6/8 ne, aikin kuma an buɗe shi a 4/4 yadda manhajar ke zuwa. Kowane tsalle sai ya faɗo tsakiyar salo, masu rawa su yi cirko-cirko. Sai da yaron situdiyo ya gyara awon tun daga tushe abin ya zauna.

Hajiyar Amshi, Talata Mafara: Ku yi mana adalci mu ma. Yawancin amshinmu kafin bugun farko yake shiga, kamar gaɓa biyu. In an tsallako daidai kan alama, gaɓoɓin nan sun tafi, sai ka ji amshi ba kai. Wanda ke haɗa mana yanzu yana kwafe su ya liƙa a wutsiyar kowane baiti, da wutsiyar amshin kansa, don in ya zagayo ya tarar da su.

Ɗan Kaura: Gaskiya ne Hajiya. Haka amon murya ma ke guntulewa in an riga an haɗe shi da muryar cikin fayil.

Malamin Cubase, Jega: Mu tsofaffin hannu Arranger Track na manhajar Cubase muka sani. Ka shata sassa, ka jera su a sarƙa, amshi sau biyu, baiti sau ɗaya, ka saurara. In ya yi, umarnin Flatten ya shimfiɗa maka waƙar. Da shi nake fitar da gajera ta rediyo da doguwa ta biki daga aiki guda. A fili dai har gobe na fi yarda da fiyanon Yamaha, maɓallan sauya sashen kiɗa, Main A zuwa D, na ƙarƙashin yatsana.

Mai Fiyano, Gusau: Na gode ƙwarai. Hajiya, namu amshin ma haka yake shiga, zan gyara kafin bikin Asabar. Injiniya, maɓallin ƙafan nan ta USB yake shiga ko sai da wayar MIDI ta haɗa kayan kiɗa?