Wane suna za mu raɗa wa "bounce rate" da Hausa?

Mai gina shafuka, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema, ku taimaka mini. Sana'ata gina shafukan intanet, kuma akwai wani ofishin lauyoyi da nake kula da shafinsu. Duk ƙarshen wata nakan je na yi musu bayanin yadda shafin ke tafiya, da Hausa muke yi tiryan-tiryan, amma da na iso kan abin da ake kira bounce rate sai bakina ya mutu. Jiya babban lauyan ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan lambar da na ja wa layi da jan biro, ya ce, "Malam, wannan me take cewa?" Na fi minti biyar ina kewaye-kewaye kafin ya gane.

Ga abin a taƙaice. A ce an shigo shafin sau 100 a wata. A 70 daga ciki, mai shigowa bai tsaya ba, bai taɓa komai ba, ya fice. To wannan kashi 70 cikin 100 nake so na kira da suna. "Yawan tsalle" ne ya fara zuwa mini, amma bai kwanta mini a rai ba.

Malamar Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta maka ba. Ka ce wa Bahaushe shafinsa na da yawan tsalle, zai ɗauka rubutun ne ke rawa a fuskar waya. Bature ƙwallo ya hango ta daki bango ta dawo. Mu idan ana maganar mai shigowa, gida muke hangowa da baƙo. Me zai hana ka ce "juyawa daga zaure"? Ya iso, bai ƙarasa ciki ba, ya koma.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar taux de rebond muke gani a rahotanni, shi ma ƙwallon ce dai da Faransanci, babu abin da za mu ara a can. Wani abokina ya ce a duba Larabci, sai muka tarar suna cewa mu'addalul irtidad. A kunnen Balarabe komawa baya ce kawai, amma tushenta ɗaya da ridda, kuma abin da Bahaushe zai ji ke nan. Wannan a bar ta inda take. Ina goyon bayan zaure.

Mai gina shafuka:
Malama, zaure ya yi mini daɗi ƙwarai, sai dai akwai inda zai yaudari lauyan. Yawancin masu zuwa ba ta shafin farko suke shigowa ba. Mutum ya rubuta tambayarsa a Google, kan rabon gado ko rikicin fili ko mai gida da ya ba shi notis, sai ya faɗo kai tsaye tsakiyar gida, kan shafin da ke maganar. Daga nan yake juyawa. In na ce zaure, gobe za su ce na gyara shafin farko, alhali ɓarakar tana can ciki.

Sannan ma'aunin ma ya canza. A tsohon Google Analytics (manhajar Google mai ƙirga masu shiga shafi), wanda ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023, duk wanda ya buɗe shafi ɗaya tak ya tafi an lissafa shi, ko da ya yi minti goma yana karantawa. A sabon, GA4, wanda ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe shafi na biyu, ko ya yi wani abu da mai shafin ya ware a matsayin muhimmi, an ɗauke shi ya zauna. Sauran su ne ake ƙirgawa. Ke nan yanzu maganar ta koma ta wanda ya leƙo kawai. "Kason 'yan leƙe" fa?

Barista, Kaduna:
A'a Malam, ban yarda da 'yan leƙe ba. Leƙe yana da wari, kamar mai laɓewa a jikin taga. Waɗannan mutanen na san su, su ne ke zama a bencin ofishina. Mace ce mijinta ya rasu, ba ta ko fita takaba ba 'yan'uwansa sun fara kawo dillalai su ga gidan. Da daddare bayan yara sun yi barci ta ɗauki waya, data ɗinta saura kaɗan. Shafin ya tsaya yana juyi saboda ƙaton hoton guduma da sikeli. Da ya buɗe, sai Turancin kotu da Latin da jerin digirorin masu ofis. Ba inda aka ce mata ga abin da za ki fara yi gobe da safe, ga lambar da za ki kira. Ta rufe. Wannan ba leƙe ta zo yi ba, sallama ta yi ba a amsa ba.

Kuma ku sani mu lauyoyi a Najeriya ƙa'idojin aikinmu sun taƙaita mana talla, ba mu da damar yin kirari kamar mai sayar da atamfa, ko mu ce mun fi wane iya shari'a. Abin da ya rage mana shi ne shafin ya amfani wanda ya shigo. Shi ya sa nake son sunan da zai ɗora nauyin a kan masu gida. Ni "sallama-ba-amsa" zan ce.

Malamar Hausa:
Barista, ranka ya daɗe, maganarka ta taɓa ni, kuma ka yi gaskiya game da leƙe. Amma sallama-ba-amsa dalili ne, shi kuwa ma'aunin bai san dalili ba. Wani ya shigo, a daƙiƙa biyar ya kwafi lambar ofis ya fita ya kira ku. An amsa masa sarai, amma lissafi zai sa shi cikin masu juyawa. Wani kuma lauyan Legas yake nema ya faɗo Kaduna bisa kuskure. Suna ya faɗi abin da aka gani, dalili kuma a bar wa masu bincike.

Leƙe daban, leƙa daban. Muna cewa zan leƙa mara lafiya, na leƙa kasuwa ban samu ba. Babu aibu a ciki, gajeriyar ziyara ce. Hausa kuma tana da tsohuwar hanyar ƙera suna daga aikatau, irin su taɓa-ka-lashe da dafa-duka da faɗi-tashi. A kan wannan gwadabe nake ba da "leƙa-ka-juya". Rabin kalmar na biyu kuwa, wato rate, "kaso" ya wadatar, tunda cikin ɗari ake faɗarsa. Yawa ko adadi za su sa a zaci ƙirgen kawuna ne. Kason leƙa-ka-juya. Kishiyarsa, ta waɗanda suka tsaya, kason zama.

Ɗan Damagaram:
Ta zauna a baki. Na faɗa wa ƙanena da bai san komai kan shafuka ba, ya ce, "Wato waɗanda ba su tsaya ba?" Shi ke nan.

Barista:
Na sallama, Malama. Amma zan riƙe sallama-ba-amsa don ranar da nake wa abokan aikina faɗa.

Mai gina shafuka:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na ɗauki kason leƙa-ka-juya, kuma bayanin Barista ya zama jerin aikina na wannan watan. Hotunan nan zan rage musu nauyi, don tun 2016 binciken Google ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga da waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Shafukan gado da fili da haya da beli kowanne zai samu na Hausa, a fara da amsar tambayar kafin tarihin ofis. Maɓallin kira da na WhatsApp za su hau sama inda babban yatsa ke kaiwa, kuma zan saita su a GA4 yadda duk wanda ya danna za a lissafa shi cikin kason zama, don kar a ci gaba da ƙirga wanda ya kira ofis cikin masu juyawa. A rahoton wata mai zuwa, layin da na ja da jan biro zai fara da "Kason leƙa-ka-juya a shafin rabon gado", zan dawo na faɗa muku ko babban lauyan ya sake cire tabarau.